Bashi ba laifi ba ne, mu daina kai juna caji ofis

Samari 'yan uwana akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai bari in amayar da ita ko na huta.

Kwanakin baya na raka wani maƙwabcinmu caji ofis, ko in ce na bi bayansa, don shi a mota aka tafi da shi. Dattijo ne ya haura sittin, tela ne a bakin layinmu. Ɗansa ne ya karɓi Adaidaita Sahu a hannun wani mutum a kan zai riƙa kai balas duk sati har ya gama biya ta zama tasa, sai inji ya buga, mashin yana ajiye a wajen bakanike sati biyar yaro bai kai ko sisi ba, kunya da tsoro suka sa ya kashe waya ya bar gari. Mai mashin ya ɗauko 'yan sanda biyu suka zo gida, ba su samu yaro ba, sai suka ce toh Baba taho mu je, in ɗanka ya ji kana hannu ai zai fito.

Da na isa na tarar da shi a bayan kanta a zaune a ƙasa, an cire masa hula da takalmi, carbinsa da 'yar wayarsa an ƙulle su a farar leda. Duk wanda ya gifta sai ya ce "sannu Yallaɓai", har yaron da bai kai ɗansa na uku ba. A jikin bango saitin kansa ga takarda nan an manna da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashin wannan takardar aka ce mu kawo dubu ashirin, muka yi ta magiya aka dawo goma, muka yi karo-karo, wallahi ni kaina na sa dubu biyu kuma har godiya na yi da za mu fito.

Sai daga baya da na ba wani abokina lauya labari ya kalle ni ya ce, ku yanzu duk yawanku babu wanda ya tambaya laifin me Baba ya yi? Na yi shiru, don gaskiya babu wanda ya tambaya.

Toh ku ji abin da doka ta ce, ba ni na ce ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu, a sashe na 36 ta hana a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Uba ba ya zama a sel saboda ɗa, mata ba ta zama saboda miji, ƙani ba ya zama saboda wa. Kafin ita ma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta faɗi haka a sashe na 7, jihohi kuma suka yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Sannan sashe na 32 na dokar 'yan sandan ya ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko wata rigimar da ba ta laifi ba. Kun ga kenan kamun Baba ya saɓa doka ta fuska biyu, ba shi ya ci bashin ba, kuma ko da yaron aka samu, kasa biyan balas ba abin kullewa ba ne, magana ce ta kotu.

Amma kar wani ya karanta wannan ya ce shikenan na samu lasisin cinye kuɗin mutane. A'a. Akwai bashi, akwai zamba, akwai cin amana. In ka karɓi kuɗin mutum da ƙaryar za ka sayar masa da filin da ba naka ba, zamba ce. In da yaron nan ya sayar da mashin ɗin ya gudu da kuɗin, cin amana ne, kuma dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi hukunci a kan duka biyun, nan ɗan sanda yana da hurumi. Haka in ka ba mutum cek alhali ka san babu kuɗi a asusun, tun 1977 akwai dokar da ta mai da shi laifi mai ɗaurin shekara 2. Shi ya sa za ka ga mai bin bashi in ya je caji ofis ba ya cewa ina binsa bashi, sai ya ce ya cuce ni ya ci amanata, don ya san kalmar da za ta sa a buɗe fayil.

Nan ne fa nake so mu tsaya mu kalli kanmu. Kullum a majalisa zagin 'yan sanda muke, amma wa ya kai su gidan Baba? Ɗan uwanmu ne, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Mu ne in aboki ya riƙe mana dubu talatin ta cinikin waya sai mu ce wallahi sai na sa an kulle ka, mu sayi mai a zuba a mota, mu bi su a baya muna nuna gida da yatsa. Ran da abin ya juyo kanmu kuma sai mu ce ƙasar nan babu adalci. Kuma ku sani wanda ya kai ƙarar ma bai tsira ba, in wanda aka tsare ya je babbar kotu neman haƙƙinsa, ana iya haɗa mai ƙarar da 'yan sandan a ce su biya diyya, don tsarin mulki na 1999 a sashe na 35 ya ce duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kana bin dubu talatin ka wayi gari ana binka abin da ya ninka ta.

Wannan sashe na 35 ɗin ya kamata kowane saurayi ya san shi kamar lambar wayarsa. Ya ce in an kama ka dole a sanar da kai dalili a rubuce cikin awa 24, da yaren da kake ji. Ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40 daga wurin, in babu kwana biyu, sai dai in laifi ne mai hukuncin kisa ko kotu ce da kanta ta ba da izinin a ci gaba da riƙe ka. Kuma ya ce kana da damar yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani da ka zaɓa.

Wannan shirun shi ne muka fi raina wa kuma shi ne ya fi kai mutane gidan yari. Za a zaunar da kai a benci, mai binciken ya ɗauki biro yana tambaya da Hausa yana rubutawa da Turanci, ya gama ya juyo maka takarda ya ce sa hannu nan mu sallame ka. Kai kuma yunwa, ga sauro, ga Inna tana kuka a waje, sai ka dangwala. Wata shida bayan nan a karanto maka a gaban alƙali ka ji abin da ko a mafarki ba ka faɗa ba. Dan Allah kar ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba ko ba a karanta maka ka gane ba. Ka ce "Yallaɓai a yi haƙuri, ina so ɗan uwana ko lauya ya zo kafin in yi bayani." Da ladabi fa. Ban ce ka ɗaga murya kana kawo sashe kaza ba, wanda ke riƙe da bindiga da makullin sel ba a yi masa gadara, ka riƙe sunansa da ke ƙirjinsa da lokacin da aka kawo ka a ranka, rigimar a gaba za a yi ta. In kuma duka aka yi maka don ka amsa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 a kan mai yin hakan, kuma kotu ba ta karɓar amsa laifin da aka tabbatar da tilas aka samo shi.

Wani abin da da yawa ba su sani ba, mace tana iya tsayawa beli. Ranar da muka je matar Baba tana wurin tun kafin mu, aka ce ta je ta nemo namiji. Dokar 2015 ɗin nan ta faɗa ƙarara ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce.

Na san me za ku ce, wa yake da kuɗin lauya. Akwai hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ga marasa hali, Legal Aid, tun 1976 take kuma tana da ofis a jihohi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, ba a biyan kuɗi a kai mata koke. Ita kanta rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar ƙorafi a kan jami'anta. Ba na ce kana zuwa za a share maka hawaye nan take ba, wani lokacin sai ka yi ta sintiri, amma sau da yawa DPO na jin an kira daga irin waɗannan wurare magana take canjawa.

Shi kuma mai bin bashi, hanyarsa a buɗe take, ga kotun shari'ar Musulunci, ga majistare, a Kano har kotun ƙananan basussuka aka buɗe a 2019 wadda mutum zai iya shigar da ƙararsa da kansa ba lauya. Matsalar ita ce in alƙali ya ce ina shaida sai mu fara kame-kame, don mun ba da kuɗi a bakin shago daga mu sai Allah. Abin mamaki ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma yau ka ce wa aboki mu rubuta sai ya ɓata rai wai ba ka yarda da shi ba. Ku rubuta, ko a takardar littafin makaranta ce, adadi, ranar biya, sa hannu, shaidu biyu. In taransifa ka yi ka adana rasit, hirarku ta WhatsApp ma kar ka goge, dokar shaida ta 2011 ta yarda da irin waɗannan in an cika sharuɗɗanta. Kuma kafin ka sa hannu a matsayin garanto ka san cewa ba alfarma kawai ka yi ba, in ya gudu kai za a bi a kotu. Baba abin da ya taimake shi kenan, bai taɓa sa hannu a komai ba.

Yaron ya dawo bayan kwana tara da jin an kama mahaifinsa. A zauren mai unguwa aka zauna, aka sasanta mai mashin ya gyara inji a ɗora a kan bashin, yaro ya riƙa kawo abin da zai iya duk Juma'a, wannan karon aka rubuta, liman da ni muka sa hannu. Dubu goman da muka bayar a kanta dai babu wanda ya ƙara tayar da maganarta, Baba kuma har yau in ya hango motar sintiri ta shigo layi sai ya tsayar da keken ɗinkinsa har ta wuce.