Alƙalin da ya hana ni wasa da katina ya yi daidai, dokar ce ke da baki biyu

Jama'a, tun ranar da na sa hoton wani katin wasa nawa da aka yi wa zanen tsawa da hannu, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu na tambayar wa ya zana, wasu nawa na biya, wani bawan Allah kuma ya yi mini doguwar nasiha a kan caca. Malam, na gode, Allah ya saka da alheri, amma ba caca ba ce. Sunan wasan Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fito da shi a 1993. Gaskiya ne a farkonsa kowa kan ajiye kati guda, wanda ya ci ya kwashe, amma an daɗe da soke wannan, kuma yau sa kuɗi a kan sakamakon wasa laifi ne mai hukunci a dokar gasa.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: ana barinka ka shiga gasa da shi? An hana ni. Na yi fushi a ranar, fushin da har na ƙi cin abincin rana, amma yanzu da zuciya ta sauka ina ganin alƙalin gasar ya fi ni gaskiya. Ƙorafina yana wani wuri dabam.

Ga waɗanda ba su taɓa riƙe katin ba: ɗan ƙarami ne, milimita 63 a faɗi, 88 a tsawo. Sunansa da farashinsa (ba na kuɗi ba, abin da ake biya a cikin wasa kafin a jefa shi) suna sama, zane a tsakiya cikin akwati, bayanin aikinsa a ƙasa. Akwai masu sana'ar da ke karɓar katinka na asali su yi masa fenti da hannu. Wasu su ja zanen ya fito daga akwatinsa ya cinye gefuna, wasu su shafe komai su zana sabon abu. Na zauna gefen matar da ta yi mini nawa a wani taron 'yan wasa a nan arewacin Ingila, na ga aikin da idona. Ta fara shafa toka-toka a gefen katin, ta jira ya bushe, sannan ta ɗauko burushi siriri kamar gashin ido tana jan layin tsawar daga inda mai zanen farko ya tsaya. Idan fenti ya taɓa harafin suna, sai ta sa tsinken sakace ta kankare a hankali, tana hura masa iska. Katin Lightning Bolt ne, kuɗinsa bai kai na kofin shayi a nan ba. Aikin hannunta kuwa fam 40 na biya, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ranar gasar, kafin a fara, na kai wa babban alƙali katin, don haka ake shawartar kowa ya yi. Ya duba fuskar ya ce ya yi kyau. Sai ya ce in miƙo sauran. A tsarin da muke bugawa mutum na zuwa da kati 60 aƙalla, kuma ba a wuce guda huɗu na iri ɗaya in ba katunan fili na yau da kullum ba, wato waɗanda ake biyan farashin sauran katuna da su. Lightning Bolt huɗu gare ni, ɗaya ne mai fenti. Ya mayar da shi cikin rigarsa ta leda, ya cusa cikin damin, ya gauraya, ya kife a kan tebur. Ya bi gefen damin da babban yatsa, ya yanka, ya juyo. Katina. Ya sake gaurayawa, ya yanka. Katina. A karo na uku ma bai kalli damin ba, ni yake kallo. Bai ce uffan ba, ya miƙo mini. Na ruga wurin masu sayar da kati a bakin zauren na sayi wani mara fenti, saura minti kaɗan a kira zagayen farko.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Whot ya san wannan magana ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Idan katin 20 ya ɗan lanƙwashe a kusurwa, kowa a wurin ya haddace shi, kuma daga ranar wasan ya lalace. To haka abin yake a nan, sai dai a nan akwai kyautar kuɗi da gurbin zuwa babbar gasa. Fenti yana da kauri. Komai ƙwarewar mai zane, abin da aka ɗora a kan takarda ya ƙara mata jiki, kuma yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Ban yi niyyar maguɗi ba, amma alƙali ba zuciyata yake dubawa ba, dami yake dubawa. Da ban nuna masa ba aka kama a tsakiyar gasa, mafi sauƙi gargaɗi ne, idan kuma aka ga alamar na iya ba ni riba sosai a ba abokin karawata wasan, idan aka tabbatar da gangan ne a sallame ni gaba ɗaya.

Kada a ɗauka wasa ne. A watan Afrilun 2019, a babbar gasar Landan, an kori Yuuya Watanabe na Japan, ɗaya daga cikin gwanayen da duniyar wasan ke ji da su, saboda an ga alamu a rigunan wasu katunan filinsa. Ya musanta cewa da gangan ne. Duk da haka an dakatar da shi wata 30, aka cire sunansa daga jerin gwarzayen wasan. Ba fenti ne ya ja masa ba, amma tushen maganar ɗaya ne: kada a gane kati ta bayansa. A kan wannan ba ni da ja ko kaɗan.

Inda nake da ja shi ne fuskar katin. Dokar gasa ta yarda da kwaskwarimar zane bisa sharuɗɗa: kada a rufe ko a canza suna da farashi, kada a sa hoton batsa ko cin mutunci, kada a rubuta wa kai dabarun wasa a jiki, sannan kada zanen ya koma yadda ba za a gane shi ba. Ta kuma ce maganar ƙarshe ta babban alƙali ce. Na yarda da ukun farko. Na huɗun ne ya zama abin dariya, kuma kamfanin da kansa ya mayar da shi haka.

Hujjar sharaɗin tana da ma'ana a da. 'Yan wasa ba sa karanta kati a tsallaken tebur, zanen suke gani su gane, kamar yadda kake gane motar maƙwabcinka tun kafin ka ga lambarta. Idan na shafe zanen na sa wani, na ɗora wa abokin karawata wahalar da bai nema ba. To madalla. Amma mu duba abin da kamfanin ya yi ta bugawa. Ya fitar da katuna marasa rubutun bayani sam, har da Cryptic Command, katin da ke da zaɓi huɗu wanda ko da rubutunsa sai ka karanta sau biyu. A 2017 ya fitar da wasu na musamman a jerin Amonkhet da aka rubuta sunayensu da haruffa masu kwaikwayon rubutun tsohuwar Masar, sai ka ƙanƙance ido kafin ka tsinci suna. Akwai katin Elesh Norn da aka buga da harshen Phyrexia, harshen da babu al'ummar da ke magana da shi a doron ƙasa, don na cikin labarin wasan ne. A 2020 ya manna sunan Godzilla da zanensa a kan wasu katuna, sunan gaskiya ya koma ƙaramin rubutu a ƙasa. Tun ƙarshen 2019 kuma ga Secret Lair, inda ake sayar da katuna masu zane iri-iri, wasu kamar fastar mawaƙa, sai ka juya kati sama da ƙasa kana neman inda farashi ya ɓuya. Duk waɗannan halal ne a gasa.

Abin da ya fi ci mini rai a ranar shi ne zagaye na uku. Yaron da na kara da shi ya jefo mini Lightning Bolt, irin nawa sak, amma bugun Japan na 2021, zanen dabam, rubutun Japananci daga sama har ƙasa. Sai da na tambaye shi mene ne wannan. Nasa ya wuce ba tambaya. Nawa dai kauri ne ya kayar da shi, na yarda, amma na san mutanen da aka hana nasu alhali sirara ne kamar ba a taɓa su ba, don kawai alƙali ya ce bai gane zanen ba.

Kuma ruɗanin da ya fi shahara a wannan fanni ba mai fenti ne ya jawo shi ba. Akwai kati mai suna Dryad Arbor, fili ne kuma halitta ce mai iya tare hari. Kamfanin ya yi masa wani bugu da ya yi kama da katin daji, ɗaya daga cikin katunan fili na yau da kullum. A 2018, a gasar Liyon ta Faransa, Gabriel Nassif, tsohon hannu a wasan, ya kai hari bai lura da shi ba a cikin filayen abokin karawarsa, aka tare shi da katin, ana kallo kai tsaye a intanet. Bayan surutun da ya biyo baya sai aka gyara dokar yadda ake jera katuna a tebur. Ba a hana bugun ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce: abin da kamfani ya buga yana cikin rajista, alƙali zai iya dubawa a wayarsa ya tabbatar, na mai fenti kuwa guda ɗaya ne a duniya. To amma ai shi ya sa aka ce kada a rufe suna da farashi. Idan suna na nan, kuma kowane ɗan wasa yana da damar kiran alƙali ya karanto masa bayanin kati na hukuma, me ya rage? Wanda ya halatta kati da harshen da ba na kowa ba bai da bakin cewa zanen hannu zai rikita mutane. Ni abin da nake gani, in an cire kunya, shi ne zanen da aka saya a wurinsu ba ya rikitarwa, wanda aka saya a wurin mai burushi ne ke rikitarwa.

Ko a maganar kauri ma akwai abin faɗa. Katunan kamfanin masu ƙyalli suna lanƙwashewa da kansu idan yanayi ya canza, har su yi kamar ɓawon ƙwarya, kuma ana hana su a gasa idan sun yi yawa. Nan dai an yi adalci, doka ta hau kan kowa. Irin wannan nake so a fuskar kati ma.

Sai matsalar "maganar ƙarshe ta alƙali ce". Wanda ya amince maka a wannan Asabar ba shi ne zai zauna a ta gaba ba, kuma amincewar wancan ba ta ɗaure wannan. Mutum ya biya kuɗin jirgin ƙasa da masauki bai san ko katinsa zai shiga ba. Masu wasan katin Pokémon sun huta da wannan, sun hana gaba ɗaya, ko sa hannun mai zane a kan kati ya fitar da shi daga gasa. Ba na fatan mu koma can, don rabin daɗin taronmu shi ne layin da ake yi gaban masu zane a sa maka hannu a kati. Abin da nake so kaɗan ne: a gwada kauri kamar yadda aka gwada nawa, a duba suna da farashi, a duba ba abin kunya a jiki, a bar maganar gane zane.

Kafin nan, mai niyyar kai katinsa a yi masa fenti ya gaya wa mai zanen tun farko cewa na gasa ne, don ta sassauta hannu. Idan guda huɗu gare ka, yi wa ɗaya kaɗai shi ne ya fi saurin tona ka. Kada ka yarda da masu manna wata takarda ko leda a kan kati, wannan da wuya ya wuce. Ka je wurin alƙali kafin a fara, kuma ka riƙe mara fenti a aljihu.

Nawa yanzu yana cikin damin kati 100 da muke bugawa mu huɗu a gidan wani abokina ranar Lahadi, inda ba alƙali sai mai gida. Na kuma aika wa matar wani katin makon jiya. Na ce mata wannan karon ta yi shi siriri, ta ce to sai dai in haƙura da gajimaren da nake so a gefe.