Kafin ka zuba riyal dubu a rautar Wi-Fi 7, tsaya ka ji

Salamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina. Tun da aka gane ina ɗan taɓa harkar haɗa intanet a gidaje, tambaya ɗaya ce ke bina har bakin masallaci bayan isha'i: "Malam, shabakar gidana ta yi nauyi, in sayo sabuwar rautar nan mai Wi-Fi 7?" Rauta dai ita ce na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a cikin gida. Amsar da nake bai wa mafi yawan masu tambayar ita ce a'a. Ba don abin ba shi da kyau ba. Yana da kyau ƙwarai. Sai dai ciwon da ke damun gidajenmu daban, maganin da ke cikin wancan kwalin daban.

Lambobin nan da kuke gani a jikin kwali ba su daɗe ba. A 2018 ne ƙungiyar kamfanonin da ke kula da tambarin Wi-Fi ta ga sunaye irin su 802.11n da 802.11ac sun yi wa jama'a tsauri, sai ta mayar da su lamba. Wanda ya fito a 2009 ya zama Wi-Fi 4, na 2013 ya zama Wi-Fi 5, Wi-Fi 6 ya shigo a 2019, aka yi masa ƙari mai suna 6E wajen 2021, sannan aka fara tabbatar da kayan Wi-Fi 7 a watan Janairun 2024. Sauƙaƙawar ta yi amfani, amma ta fi yi wa mai shago amfani, domin yanzu ba ya buƙatar dogon bayani. Ya nuna maka 7, ya tambaye ka nawa ne a gidanka, ka ce 5, shi ke nan ka ji kamar an bar ka a baya.

Abu na farko da nake tambayar mutum shi ne: saurin mega nawa kake biya wa kuɗi a wata? Da yawa ba su ma sani ba. In layinka na faiba mega 100 ne ko 200, to iyakar abin da zai shigo gidanka ke nan, ko da rautar da ka sayo daga sama aka sauko da ita. A takarda, Wi-Fi 6 yana kai giga 9.6 (giga ɗaya mega dubu ne), Wi-Fi 7 kuwa ana ambata masa giga 46. Waɗannan alƙaluma ne na ɗakin gwaji, an tattara duk eriyoyi da duk zangunan igiyar rediyo an haɗa lissafinsu wuri guda, babu wayar da za ta taɓa ganin su a hannunka. Kuma ko ta gani, saurin tsakanin wayarka da rauta ne kawai, daga falo zuwa ɗaki. Abin da ke fita waje, zuwa YouTube ko zuwa Kano, ta layin da ka yi rajista da stc ko Mobily ko Zain ko Salam zai bi. Rautar Wi-Fi 5 mai lafiya tana ɗaukar mega 200 ba tare da ta yi gumi ba in kana kusa da ita.

Me ma muke yi da intanet ɗin? Netflix da kansa mega 15 yake nema don hoto mafi kyau na 4K. Kiran bidiyo bai kai haka ba ko kusa. To in Hajiya tana magana da 'yar uwarta a Zinder ko Katsina hoto yana tsayawa, murya tana yankewa, sau da yawa matsalar tana can ɗaya ɓangaren, inda ake riƙe da waya ana neman sabis a tsakar gida. Ka sauya rauta a Rusaifa don gyara sabis ɗin Funtuwa, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Masu rautar 5G, wadda ake saka wa layin waya, ku naku lissafin ma daban ne. Abin da ke yanke muku hukunci shi ne nisanku da hasumiyar kamfani da yawan mutanen da ke kanta a wannan sa'ar. Shi ya sa da asuba take gudu, bayan isha'i ta kwanta. Matsar da ita jikin taga, a gwada wannan kusurwa a gwada waccan, ya fi sabon kwali amfani. Af, kuma wannan "5G" da ke fitowa a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗin gidanka ba shi ne 5G na kamfanin waya ba, zangon 5 GHz ake nufi. Na sha ganin ana musu a kan wannan har da rantsuwa.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, wato bango. Duk wanda ya zauna a imara, wato benen gidajen haya, a ƙasar nan ya san irin gininmu: bulo mai kauri, kankare da rodi, tayil har rabin bango, ga ƙofofin ƙarfe. Igiyar rediyo ba ta son waɗannan. Wi-Fi yana aiki a zango uku, 2.4 da 5 da 6 GHz, kuma ƙa'idar ita ce duk yadda lambar ta hau, sauri yana ƙaruwa amma ƙarfin ratsa bango yana raguwa. Zangon 2.4 shi ne mai nisan tafiya, sai dai cunkushe yake. Tashoshi uku kacal ne a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a kansu ne rautar kowace shuƙƙa, wato kowane gida, a imararku take kokawa, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci da ita ma a wannan zangon take zubar da hayaniyarta. Buɗe wayarka yanzu ka ƙirga sunayen Wi-Fi da take gani, za ka gane abin da nake faɗa. Zangon 5 ya fi fili, amma bango biyu ya ishe shi ya galabaita. Zangon 6, wanda shi ne abin alfaharin 6E da Wi-Fi 7, ya fi su duka fili da sauri, kuma ya fi su duka tsoron bango.

Gaskiya a nan Saudiyya ta yi abin a yaba. A 2021 hukumar sadarwa ta ƙasar, wadda a lokacin ake kira CITC, yanzu CST, ta buɗe zangon 6 GHz gaba ɗayansa, MHz 1,200, don amfanin Wi-Fi ba tare da lasisi ba, a lokacin da Turai ta tsaya a kan ƙasa da rabin haka. Ma'ana wanda ke zaune a nan zai ci moriyar Wi-Fi 7 fiye da mazauna ƙasashe da dama, domin tashoshinsa masu faɗin MHz 320 a wannan zangon kaɗai suke samuwa. Ban musa ba. Amma moriyar tana ɗakin da rautar take da wanda ke maƙwabtaka da shi. In rautar tana majalisin baƙi a bakin ƙofa, inda ma'aikacin kamfani ya ga ya fi masa sauƙin jan waya, kai kuma ɗakin kwananka yana can ƙurya bayan bango uku da banɗaki, wayarka za ta sauka ne ta koma tsohon zangon 2.4 ɗin nan da ka biya kuɗi don ka guje masa.

Kuma mu faɗi gaskiya kan inda muke ajiye rautar. Na shiga gidajen da aka tura rauta bayan talabijin, ko cikin durowa don kada yara su taɓa, ko ƙasa a bayan kujera, wata ma an lulluɓe ta da ƙyalle don ƙura. Uwargida ta ce wayoyin suna ɓata mata ado, kuma tana da gaskiyarta. Amma kafin a je Jarir ko eXtra ko shagunan titin Falasɗin a Jidda, a fara ciro ta a ɗora a sama, a tsakiyar gida, a fili. Wannan kyauta ne. In gidan babba ne ko hawa biyu, a ja kebul daga rautar zuwa ɗaya ɓangaren a saka ta biyu a can. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar giga guda har tsawon mita 100, bango bai dame shi ba, maƙwabci bai dame shi ba. Kuɗin kebul da mai huda bango da ƙaramar rauta ta biyu ba zai kai rabin kuɗin babbar rautar Wi-Fi 7 ba, kuma a nan kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In mai imara ya hana huda bango, sai a nemi rautocin nan masu zuwa biyu ko uku a kwali ɗaya suna miƙa wa juna saƙo. 'Yar ƙaramar na'urar da ake soka wa a soket don ta ƙara nisa kuwa, ni ba na ba da shawararta. Sandunan sabis za su cika a fuskar waya, ka ji daɗi, amma yawancinsu suna raba saurin biyu ne, don ta hanya guda suke karɓa suke mayarwa.

Sai wayar da ke hannunka. Wi-Fi hira ce tsakanin abu biyu, kuma a matakin wanda ya fi tsufa ake yin ta. Galaxy S10 da iPhone 11, na 2019, su ne suka fara shigo da Wi-Fi 6 hannun jama'a. Zangon 6 GHz bai zo wa iPhone ba sai a 15 Pro, Wi-Fi 7 kuma sai a iPhone 16 a 2024. A ɓangaren Samsung, Galaxy S24 Ultra yana da Wi-Fi 7. To ka dubi gidanka tsakani da Allah: wayoyin yara, tsohuwar kwamfutar makaranta, talabijin, kyamarar bakin ƙofa. Nawa ne a ciki suka san Wi-Fi 7? Yawancin ƙananan wayoyin da muke saya har yau a Wi-Fi 5 suke, kyamarori da kwararan fitila masu haɗuwa da waya kuwa da yawansu ba su san komai ba sai 2.4. Za su yi aiki da sabuwar rautar, babu matsala, amma da tafiyarsu ta da.

Akwai kuma wata dabarar kasuwa da ya kamata a sani. Ana sayar da rautoci masu araha da aka rubuta wa Wi-Fi 7 ɓaro-ɓaro, alhali zango biyu kawai gare su, babu na 6 GHz sam. Ba ƙarya suka yi ba, ƙa'idar ta yarda da haka, amma an cire naman an bar maka romo. In ka nace sai ka saya, juya kwalin ka nemi inda aka rubuta 6 GHz da idonka.

To wa ya kamata ya sauya? In rautarka Wi-Fi 4 ce, irin mai zango ɗaya da aka ba ka shekara goma da suka wuce, ka sauya yau, kada ka jira. Da yawansu ramukan kebul ɗinsu mega 100 ne iyakarsu, wato kana biyan 300 kana shan 100 ba ka sani ba. Kuma kamfanonin da suka ƙera su sun daina aiko musu da gyaran tsaro. A 2017 an gano ɓaraka a tsarin kulle WPA2, wadda aka sa wa suna KRACK, aka toshe ta a na'urorin da ake sabuntawa, a 2018 kuma aka fito da sabon tsarin kulle, WPA3. Tsohuwar na'urar da aka manta da ita ba ta sami ko ɗaya ba.

Abin da zan ce ka saya shi ne Wi-Fi 6, kuma dalilina ba sauri ba ne, taro ne. Gidajenmu ba irin na mutum biyu da kyanwa ba ne. Akwai maigida da iyali, ga ƙanne, ga ɗan uwan da ya zo Umara ya sauka, ga baƙin Ramadan, kowa da waya, wani da biyu. Tsohon tsari kamar tasi ne mai ɗaukar fasinja ɗaya zuwa Harami, ya dawo ya ɗauki na gaba, saura suna tsaye a layi. Wi-Fi 6 ya zo da dabarar da ake kira OFDMA, wadda ke raba tasha ɗaya gida-gida, ya zama bas mai kwasar mutane da yawa a sawu guda. Yana kuma da hanyar bambance saƙon gidanka da na maƙwabci don kada rautarka ta riƙa yin shiru duk lokacin da ta ji motsin ta saman bene. Wani abin da ba a cika faɗa ba: gyaran Wi-Fi 5 a zangon 5 kaɗai ya tsaya, Wi-Fi 6 kuwa ya taɓa har zangon 2.4, wanda shi ne ke kai wa ɗakunan ƙurya. Farashinsa kuma ya sauko, da 'yan ɗaruruwan riyal za ka sami mai kyau.

In kana da Wi-Fi 5 mai lafiya, mutanen gidan ba su da yawa, layinka bai wuce mega 200 ba, zauna abinka. In kana da Wi-Fi 6, batun sauyawa ma bai taso ba.

Wi-Fi 7 na mutum ne mai layin giga, mai sabbin na'urori, mai aikin da ke cin intanet da gaske, kamar masu tace bidiyo suna ɗorawa ko samarin da wasan kwamfuta ya zame musu sana'a. Su za su ji bambancin, musamman dabararsa ta haɗa waya da zango biyu a lokaci guda, in ɗaya ya cushe ɗaya ya ɗauka. Masu kula da masaukan alhazai a Misfala ko Aziziyya su ma suna tambayata, kuma su nake ce wa: rauta ɗaya, ko ta nawa ce, ba za ta ɗauki hawa guda cike da alhazai da kowa ke son kiran gida bayan sallar isha'i ba. Ku yawaita na'urori, kowane lungu da tasa, kowacce da kebul ɗinta. Ana ma can ana aikin Wi-Fi 8, wanda ake sa ran kammala ƙa'idarsa wajen 2028, kuma masu aikin sun ce ba ƙarin sauri suka sa a gaba ba, hana yankewa suke nema. Su kansu sun gane inda ke yi wa mutane ciwo.

Saura magana ɗaya da ban so in tsallake, ita ce lambar sirri. Mu mutane ne masu kunya. Maƙwabci ya ce "Alhaji, a taimaka da lambar, yara za su yi darasi", ba ka iya cewa a'a. Shi ya ba ɗansa, ɗan ya ba abokinsa, haris mai gadi ya samu, yaron kantin baƙala ma ya samu. Bayan wata uku rabin imara na kan layinka kana zagin rauta. Shiga manhajar rautar ka duba jerin na'urorin da ke haɗe, ƙila ka sha mamaki. Ban ce a hana maƙwabci ba, haƙƙin maƙwabtaka yana nan. Amma layin da sunanka da lambar iƙamarka aka yi rajistarsa, duk abin da aka aikata a kansa ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Kusan kowace rauta tana da sashen baƙi: ka buɗe shi da lambarsa daban, in tana da wurin ƙayyade sauri ka ƙayyade, ka riƙa sauya lambar bayan kowane Ramadan da kowane Hajji, lokacin da baƙi suka watse.