Hawan jini ba hukuncin ƙaramar bangaskiya ba ne

Akwai wani guntun wa'azi da ke yawo a wayoyin Kiristocin Maraɗi kwanan nan. Sau uku aka turo mini shi ta WhatsApp, kowa da “Amin” ɗinsa a ƙasa. Mai maganar cewa yake hawan jini ciwon masu ƙaramar bangaskiya ne, wai wanda ya miƙa damuwarsa ga Ubangiji ba shi da bukatar ƙwayar farmasi. Na saurara har ƙarshe raina a ɓace, domin na san wadda irin wannan magana ta kwantar.

Wata uwa ce a zumuntar matan majami'armu. An sace ɗanta a wajajen Madarunfa, aka yi wata biyu ana cinikin kuɗin fansa, gona da tumaki suka tafi kafin a sako shi. Yaro ya dawo gida, amma barcinta bai dawo ba. Da aka auna ta a likitar unguwa, tansiyonta, wato awon hawan jininta, ya hau har 18 (wato 180), aka rubuta mata magani. Ta sha na mako biyu, sai wata ƴar'uwa ta ce da ita: “Haba Inna, Allahn da ya dawo miki da ɗanki shi ne zai kasa saukar miki da jini?” Ta ƙulle sauran ƙwayoyin a leda ta cusa bayan randa. Yau hannunta na hagu ko ludayi ba ya riƙewa, ita da ke tuƙa mana tuwon Kirsimeti shekara da shekaru.

Abin da ya sa wa'azin yake cin mutane shi ne rabinsa gaskiya ne. Karin Magana 17:22 ta ce zuciya mai farin ciki magani ce, karyayyen ruhu kuwa busar da ƙashi yake yi. A Zabura 32 Dawuda ya faɗi yadda jikinsa ya lalace sa'ad da ya kame bakinsa ya haɗiye abin da ke cinsa. Likitoci ma ba su yi gardama ba. Idan tsoro ya kama mutum, jiki na sakin sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, sukari ya ƙaru a jini. An halicce mu haka don mu tsere wa haɗari na ɗan lokaci. To yaya wanda haɗarinsa ba ya wucewa? Ɗan kasuwar da jarinsa ya narke lokacin da aka rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin 2023, ko manomin Gidan Rumji da ke kwana kunnensa na jiran ƙarar babura, jikinsu a cikin gudun nan yake dare da rana. Har akwai wani ciwon zuciya da likitocin Japan suka bayyana a 1990, wanda ke kama mutum, musamman tsofaffin mata, bayan mummunan labari kamar mutuwar miji.

Daga nan mai wa'azin ya yi tsallen da abokan Ayuba suka yi: tun da baƙin ciki na taɓa jiki, to majinyaci ne mai laifi. Allah da kansa ya ce fushinsa ya hau a kan mutanen nan don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Almajirai ma sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya makantar da mutumin nan na Yohanna 9, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. A dubi Iliya, wanda ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel. Ba a jima ba ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai tambaye shi ina bangaskiyarsa ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Wa zai tsaya gaban bagade ya ce gumin da ya zubo wa Yesu a Getsamani alamar raunin bangaskiya ne?

Kuma ba kowane ciwo ne tunani ke haifarwa ba. Mun saba cewa “tunani ya sa masa olsa”, alhali tun 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki. Damuwa na iya tsananta shi, amma sai an sha maganin da zai kashe ƙwayar. Hawan jini kuma yana bin gado, yana bin gishiri da dunƙulen miya da shekaru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku na ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba. Duk waɗannan marasa addu'a ne?

Mu ma masu turawa muna da namu laifin. Mun mai da haƙuri murfin tukunya. Gwauruwa ta fara kuka a sujada, sai a dafa ta a ce “yi shiru, kada ki yi wa Allah butulci”, kamar Yesu bai yi kuka a kabarin Li'azaru ba, kamar Bulus bai ce mu yi kuka tare da masu kuka ba. Ta koma gida da dutsen a ƙirji, bayan wata shida mu bi ta asibiti da kwanon fura. Masu cewa addu'a ba ta da wani amfani, ƙwaya kaɗai ta isa, su kuma ba su taɓa kwana kusa da uwar da aka sace wa ɗa ba.

Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan ba su raba addu'a da magani ba. Sun buɗe asibitin Galmi a 1950, suka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, nan kudu da mu, a 1956. Yaushe jikokinsu suka fara ganin kwalbar magani abokiyar gābar bangaskiya?

Dattawan ikilisiya su sayi na'urar awon jini su ajiye a majami'a, a riƙa auna mutane bayan sujadar Lahadi, ai muna da ma'aikatan jinya a cikinmu. Fastoci kuma su faɗa da bakinsu cewa kada kowa ya ajiye magani ba da sanin likita ba. Inna dai ta koma shan nata, ƙaramar jikarta ce ke ɓallo mata ƙwayar kowace safiya.