Giyar da ta kusa ɓata min suna

Motata a-kori-kura ce mai giya atomatik. Shekara huɗu muna tare ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai ranar da na loda mata katako muka tunkari wani hawa. Na taka totur kamar kullum. Inji ya yi ruri, allurar da ke nuna juyin inji ta tashi daga 2,000 ta doshi 4,000, amma allurar gudu ta tsaya a kan 30 kamar an kafe ta da ƙusa. Wani dattijo ya zo a kan keke ya wuce ni, har ya waiwayo ya ɗaga min hannu. Har yau ban sani ba ko gaisuwa ce ko jaje.

Ni kuwa ina da wani hali: ba na kai mota gareji sai na tabbatar na ƙara lalata ta da hannuna. Na duba hambirki, a sauke yake. Na ce to kaya ne suka yi yawa, na sauke rabin katakon a gefen hanya na sake gwadawa. Rurin nan dai, tafiyar hawainiyar nan dai. Haka na dawo na sake loda katakon ni kaɗai, gumi har cikin takalmi.

Washegari da safe sai ta fito da sabon salo. In na sa giya a D, wato ta tafiya gaba, sai ta yi shiru kamar ba da ita nake ba, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta zabura gaba da wani irin "gif" da ke sa kaina ya bugi kujera. Na kwana ina karance-karance a waya, na wayi gari ina jin kaina ƙwararre. Abin da na fahimta shi ne, duk da babu kuloci a ƙarƙashin ƙafata, a cikin giyabos akwai faya-fayan kuloci jere a kan juna, kuma ƙarfin man giya ne yake matse su su kama. In man ya yi ƙasa, famfo ya fara zuƙo iska, matsin ya ragu, sai faya-fayan su riƙa zamewa a kan juna. Inji yana ta aiki, ƙarfin bai isa taya ba, yana ƙarewa a zafi. Magani na farko, aka ce, a duba man: in ja ne garau, lafiya, in ya yi duhu yana ƙauri, a fara haɗa kuɗi.

Na buɗe bonet, na zaro gejin awon mai na farko da idona ya gani, na goga a farin ƙyalle. Baƙi ƙirin! Na zauna a kan dutse na yi tagumi. Kwana biyu ina zaman makokin giyabos, abinci ma ba ya min daɗi. A rana ta uku ɗana mai shekara 12 ya leƙo ya ce, "Baba, wancan na can baya fa, na mene ne?" Ashe gejin baƙin mai na zaro. Na giya yana can ciki kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, yana kallona tun shekaranjiya. Na ce wa yaron dama gwada shi nake yi.

Na zaro na gaskiyar, inji a kashe, mota a gangaren ƙofar gida. Man ja ne, ya ɗan yi duhu, kuma ya kai layi. Na ce shi ke nan, mai ya cika, ciwon na ciki ne. Na sake komawa kan dutsena. Sai da na ƙara karatu na gane cewa irin motata ba haka ake auna ta ba. Sai an yi tafiya ta ɗauki zafi, a tsaya a wuri mai baje, a taka birki a bi da giya ta kowane gurbi, a mayar da ita P, wato gurbin fakin, a bar inji yana silo, sannan a zaro geji a goge a mayar a sake zarowa. In inji a kashe yake, man da ya kamata ya kasance yana zagayawa yakan gangaro ya taru a ƙasa, geji ya yi maka ƙarya. Da na bi ƙa'ida, da ƙyar man ya taɓa bakin gejin.

Murna ta kama ni. Na sayo irin man da littafin motar ya ce, wannan kam ban kuskure ba, na sa mazurari a bakin bututun gejin. A nan ne zuciya ta ce min, in kaɗan yana magani, ai mai yawa ya fi. Tazarar da ke tsakanin layukan nan biyu na jikin gejin ba ta wuce kamar rabin lita ba, amma ni na juye lita uku ban sake aunawa ba. A daidai lokacin wani abokina ya kira, nake ba shi labari da ƙarfi: "Wallahi giyar nan ta hana ni barci, yanzu ma lita uku na ɗura, in ga ko zan samu sauƙi." Ban lura ba surukata, wadda ta zo mana kwana biyu, tana zaune a bayan taga.

Na fita gwaji. Minti goma na farko kamar sabuwa, har ina yi wa masu keke kallon raini. Daga nan zamewar ta dawo, ta zo da ƙawarta: wani wari, da ɗan hayaƙi daga ƙarƙashi. Na zaro geji na ga kumfa kamar an kaɗa sabulu. A hankali na lallaɓa da ita gareji.

Bakaniken ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sai dai yaransa sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Ya ce, "Maigida, mai in ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa ne suke kaɗa shi ya yi kumfa. Kumfa kuwa iska ce. Da ƙarancin mai da yawansa duk gida ɗaya suke kai ka." Rarar ce ta yi ambaliya ta kafar numfashin giyabos ta zuba a kan salansa, shi ne hayaƙin. Ya jona na'urarsa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuno P0730, wato kwamfutar motar ta lura juyin da ke shiga giyabos da wanda ke fita ba su dace da giyar da aka sa ba. Ya ce lambar ta tabbatar da zamewa ne kawai, ba ta faɗi dalili ba.

Sai ya yi tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: "Man da ya ragu, ina ya tafi? Giyabos ba ya ƙona mai kamar inji." Ya kwanta a ƙasa da tocila, bai yi minti biyu ba ya kira ni. Tiyon da ke kai man giya wurin lagireto ya huce ya dawo, shi ne ya tsage a bakin maɗaurinsa yana ɗiga. Ya ce, "Ba ka taɓa ganin jan tabo a inda kake ajiye ta ba?" Na gani mana. Wata biyu ina yi wa yara faɗa a kan sun zubar da fenti.

Ya kwance farantin ƙasan giyabos ya nuna min maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka ne kawai ya manne, babu ɓarɓashin ƙarfe, man kuma ba ya ƙauri. Ya ce na tsallake rijiya da baya, da na ƙara mako biyu ina hawa tudu da katako, da sai an sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Ya canza tiyo da matatar mai da gasket ɗin da ke hana farantin ɗiga, ya zuba mai kaɗan-kaɗan yana aunawa, yana kallona duk lokacin da ya zaro gejin. Muka hau tudun nan tare, giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Na yi ta waige ko zan ga dattijon mai keke, bai fito ba.

Na iso gida ina fara'a, na tarar da falo tsit. Uwargida idonta ya yi ja, surukata ta gyara zama ta ce, "Zauna, ɗana. Ba faɗa zan yi maka ba. Tun yaushe ka fara?"

Na ce, "Fara me, Mama?"

Ta ce, "Da kunnena na ji. Lita uku."

Na fita da gudu na zaro geji, na gaskiyar, na kawo mata har falo ina bayani a kan famfo da kuloci da kumfa. Ta karɓa ta shinshina, ta miƙa wa 'yarta ta ce, "Ja ce ma. Irin mai tsadar yake sha."