Wai akurki ya saya? To ku zo mu yi lissafin hanya

Na so in yi shiru a kan hotunan nan biyu, amma sharhin da na karanta jiya da daddare ya hana ni. Kun dai gani, ba sai na sake ɗora su ba. Bawan Allah ya tara guminsa shekara da shekaru, ya sayi ɗaki biyu da falo a bene kusa da wurin aikinsa, ya ɗora hoton makulli yana godiya ga Allah. Maimakon a ce masa Allah ya sanya alheri, sai wani gwani ya je ya lalubo hoton wani tamfatsetsen gida can bayan gari, ɗaki biyar da farfajiya har da bishiyoyi, ya jera su gefe da gefe, ya rubuta wai kuɗinsu ɗaya, a gaya masa wane ne wawa. Shi ke nan an samu abin yi. Wannan ya ce akurki, wancan ya ce akwatin ashana, wata ta ce ita ko kyauta aka ba ta ba za ta kwana a ciki ba.

Madalla da masana. Ashe Facebook cike yake da ƙwararrun harkar gidaje, mu ne ba mu da labari. Mutumin da ko katangar banɗaki bai taɓa ɗorawa ba, yau shi ne alƙalin yadda wani zai kashe kuɗinsa.

Abu ɗaya zan faɗa, kuma zan yi ta maimaita shi har ya gundure ku: hoto ba ya nuna hanya. Hoton gidan nan mai ɗaki biyar ya nuna muku ƙofa da fenti da ciyawa. Bai nuna muku ƙarfe biyar na asuba da mai gidan zai tayar da mota ba. Bai nuna cunkoson da zai tsaya a ciki ba, bai nuna nisan asibiti ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi tsakar dare ba. Da kuka ce kuɗinsu ɗaya, kuɗin da aka miƙa wa mai sayarwa kawai kuka ƙirga. Shi na cikin gari ya biya nasa ya gama. Shi na bayan gari kafin alƙalami kawai ya bayar, ragowar kuwa hanya ce za ta riƙa karɓa kullum, safe da yamma, ba ranar yafiya.

Mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya. A ce tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa aiki, awa ɗaya da rabi dawowa. Awa 3 ke nan a rana. A ce kana zuwa aiki kwana 240 a shekara. Awa 720. Raba da 24, ka samu kwana 30 cif. Wata guda a kowace shekara, dare da rana, kana zaune a kujerar mota kana kallon bayan wata motar. In kuma da ranakun aiki na awa 8 za ka auna, kwana 90 ne na aikin da ba wanda zai biya ka. Shekara 20 a haka, ka ba wa kwalta kwana 600 na rayuwarka. Wannan shi ne farashin ɗakuna ukun da suka ƙaru, ban ma sa kuɗin mai da taya da bakanike ba, ban sa mota ta biyu da dole a saya ba saboda uwargida ba za ta zauna kamar fursuna ba in ka fita da ta farko.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne da za a ce ni na ƙirƙiro. Tun 1826 wani Bajamushe mai gona, Johann Heinrich von Thünen, ya zauna ya yi lissafi ya nuna cewa darajar ƙasar noma tana raguwa gwargwadon nisanta da kasuwa, kuma abin da ya ragu ɗin shi ne abin da za ka kashe wajen kai amfanin gonar kasuwa. A 1964 William Alonso a Amurka ya ɗauko lissafin ya ɗora shi a kan birane. Bambancin kawai, kayan da ake lodawa a kai kasuwa kowace safiya yanzu kai ne. Kasuwar gidaje ba wawuya ba ce. In ka ga gida ya ninka wani girma amma kuɗinsu ɗaya, ba a yi maka rangwame don Allah ba, akwai abin da aka cire. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mutane suna ɗauka bulo da siminti suke saya. Buhun siminti a tsakiyar birni da buhun siminti a bayan gari kusan kuɗinsu ɗaya, birkila ma haka. Abin da ya bambanta shi ne ƙasar da aka ɗora ginin a kai. Wasu masana tattalin arziki uku, Katharina Knoll da Moritz Schularick da Thomas Steger, sun bi farashin gidaje a ƙasashe 14 masu arziki tun daga 1870, suka gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na tashin da gidaje suka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu daga tsadar fili ya zo. Fili, jama'a. Wuri. Gini tsufa yake yi, rufi ya yi yoyo, bango ya tsage. Wuri mai kyau kuwa ba a ƙera sabo a masana'anta.

In da girman gini ne daraja, da yanzu kowa ya tattara ya koma ƙauyukan Sisili a Italiya, inda garuruwa irin su Mussomeli da Sambuca suka riƙa sa gidaje a kasuwa a kan yuro 1. Yuro ɗaya tak, da sharaɗin ka gyara kangon cikin 'yan shekaru da kuɗin aljihunka. Me ya sa? Matasa sun watse sun tafi inda aiki yake. A Japan ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 ne babu kowa a ciki, alhali a tsakiyar Tokyo mutane na biyan maƙudan kuɗi a kan ɗan ɗakin da in ka miƙe hannu za ka taɓa bango biyu. A Hong Kong an taɓa kai matsayin da matsakaicin gida ya haura ninki 20 na abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara, alhali masu auna irin wannan abu suna ɗaukar ninki 3 a matsayin daidai ƙarfin mutane. Duk waɗannan miliyoyin wawaye ne, sai kai mai haɗa hotuna ne ka waye?

Gaskiyar da ba a so a ji ita ce, a kowane yanki abu uku ake nema a gida: girma, kusanci, da lafiyar gini. Mai ƙaramin kuɗi ɗaya zai ɗauka. Ko ya samu kusanci a ƙaramin wuri, ko ya samu girma a nesa, ko ya samu tsohon gida a tsaka-tsaki wanda zai cinye shi da gyara. Mai matsakaicin kuɗi zai iya haɗa biyu, kuma wallahi shi ya fi kowa shan wahala, don shi ne yake ganin kamar saura ƙiris ya haɗa ukun, sai ya yi ta yawo da dillalai wata takwas, ƙarshe ya ciyo bashin da ya fi ƙarfinsa. Mai babban kuɗi ne kaɗai ke haɗa ukun, kuma in ka duba da kyau abin da ya fi biya da tsada lokacinsa ne. Iya kuɗinka iya shagalinka. Mutumin nan da kuke wa dariya ya san ɗaya zai iya ɗauka, ya zaɓi nasa da idonsa biyu.

Sannan ita kanta iyakar kuɗin ba a tsaye take ba. A Amurka kuɗin ruwan lamunin gida na shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3 a farkon 2021, ya kuma kusan kai kashi 8 a watan Oktoban 2023. Biyan wata-watan da zai ɗauki bashin 100 a kan kashi 3, a kan kashi 7 bashin kusan 63 kawai zai ɗauka. Albashi ɗaya, mutum ɗaya, amma cikin ƙasa da shekara uku an ture shi unguwanni da yawa zuwa waje. Kada ka ce kai ba ruwanka don ba ka cin bashi mai ruwa. Waɗanda kuke neman gida ɗaya da su suna ci, kuma su ma suna cikin masu yanka farashin.

Na san abin da za ku ce, na riga na gani a sharhi.

Wai yanzu ana aiki daga gida. To. Ma'aikaciyar jinya za ta yi wa mara lafiya allura ta kwamfuta ko? Mai shago fa, da direba, da malamin makaranta? Ko waɗanda aka bari su zauna gida lokacin korona, ai da yawa an kira su sun koma ofis. Ka ɗaura bashin shekara 20 a kan alfarmar da oga zai iya sokewa da saƙo ɗaya. Wuce nan.

Wai gari zai iso wurin, a sayi nesa a jira. Wani lokaci yakan iso, ban musa ba. Wani lokacin kuma sai ka tsufa kana jira. Ku tambayi waɗanda suka sayi gidaje a Seseña, kudu da Madrid, inda aka tsara gina gidaje sama da 13,000 kafin rikicin tattalin arziki na 2008 ya faɗo, aka wayi gari benaye a jere shekaru babu mazauna sai 'yan tsiraru. Dillalan Amurka suna da wata magana, wai ka yi ta tuƙi kana nisa da birni har ka isa inda banki zai yarda ya ba ka lamuni. Waɗanda suka bi wannan shawara zuwa gefen Phoenix da Las Vegas suna cikin waɗanda suka fi ji a jikinsu a 2008, lokacin da galan ɗin mai ya haura dala 4, darajar gidajen kuma ta rushe a lokaci ɗaya. Ga bashi, ga nisa, ga babu mai saye. Shi ya sa wata cibiyar bincike a Chicago ta ce a daina auna gida shi kaɗai da tsohuwar ƙa'idar kashi 30 na abin da kake samu, a haɗa gida da sufuri, kada su wuce kashi 45. Da aka auna da wannan ma'aunin, unguwanni da yawa da ake kira masu araha sun fita daga layi.

Wai yara suna buƙatar fili su yi wasa. Nan kam zan ajiye ba'a, don maganar ta taɓa ni. Na yi shekara huɗu a irin gidan da kuke yabo. Farfajiya ce har da wurin buga ƙwallo, na yi ta ɗaukar hoto ina tura wa 'yan'uwa. Amma ina fita yarana suna barci, ina dawowa sun yi barci. Ranar hutu kuwa jikina ba ya moruwa, sai kwanciya. Wata rana ƙaramar ta tambayi mamanta wai Baba a can yake kwana, nan yake zuwa ziyara? Dariya aka yi, ni ma na yi, amma ban yi barci ba a daren. Filin yana nan, uban da zai buga ƙwallon da su ne babu. Daga baya na ci karo da binciken wasu masana biyu daga Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, na 2008, inda suka duba bayanan Jamusawa suka ga masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi nuna rashin gamsuwa da rayuwarsu, wato babban gidan da albashin ba su rama musu abin da hanya ta ci ba. Ban buƙaci turawa su gaya mini ba, 'yata ta riga su.

Wanda aikinsa yake can bayan garin, ko ya yi ritaya, ko shi dai Allah ya yi shi da son shiru, ya je ya sayi ɗaki goma ma, zan zo tayin murna. Ba da shi nake ba. Da ku nake, masu jera hoto biyu ku yanke hukunci kamar kun auna komai, alhali rabin farashin ba ya cikin hoton.

Af, tunda an zo maganar dillalai. Don girman Allah, wace irin agogo kuke ɗaurawa? Duk gidan da aka kai ni gani a rayuwata, wai minti 20 ne zuwa cikin gari. Wani ya taɓa rantse mini a kan minti 20 ɗin nan, da na matsa masa sai ya ce shi dai da ya gwada haka ya samu. Yaushe ka gwada, Malam? Wai ƙarfe biyu na dare, ranar da ya kai matarsa haihuwa. Ga kuma sabon salon ɗaukar hoto da kyamarar da ke buɗe ɗaki, ka ga falo kamar filin jirgi, ka je ka tarar kujera uku ba za su shiga ba. Tun daga lokacin ba na zuwa ganin gida sai da tef ɗin awo a aljihu. Wanda kuma ya ari tef ɗin nan nawa mai ruwan ɗorawa tun watan jiya, na san kana karanta wannan, na ga ma ka danna alamar dariya a ƙarƙashin hoton akurkin. Ka dawo mini da abina.