Yamai zuwa Guanzu: kilomita nawa ne, awa nawa ne?

'Yan kasuwarmu na Maraɗi masu zuwa Sin sarin kaya, ku matso mu yi lissafi, don an daɗe ana gardamar nan a bakin shaguna ba tare da alƙalami ba.

In aka miƙe zare daga Yamai zuwa Guanzu, birnin kasuwanci na ƙasar Sin, nisan kusan kilomita 11,500 ne. Amma ai ba jirgin da ke miƙewa haka, dole a yada zango. Ta Adis Ababa: kilomita 4,000 zangon farko, 8,000 na biyu, jimla wajen 12,000. Ta Istambul kuwa, da mutane ke cewa an hau arewa an yi zagaye? Nan ma 4,000 ne, sai 7,900. Wato 11,900, har ta ɗan fi kusa. Taswirar bango ce ke ruɗin ido. Duniya dunƙulalliya ce, an baje ta a takarda kamar fata, shi ya sa gajeriyar hanya ke fitowa a lanƙwashe. Ɗora zare bisa ƙwallo ka ja shi, za ka gani da idonka.

Ga yadda ake maida kilomita awa. Babban jirgi na cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 8,000 da 850, ka samu awa tara da ɗoriya, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, goma ke nan. Dawowa kan fi tsawo, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tafiya tana tura jirgi, dawowa tana tare shi. Ga kuma sararin Sudan da yaƙi ya rufe a Afrilun 2023, jirage suka koma kewaye.

Inda aka fi yin kuskure shi ne agogo. Lokacin da ke kan tikiti na garin da aka rubuta ne, kuma Guanzu na gaban Nijar da awa bakwai. In ba ka cire bakwai ɗin ba, lissafinka ya watse, mai tarbarka ya sha zaman banza.

A ganina, bambancin kilomita ɗari bai kai a zaɓi tikiti a kansa ba. Dubi zaman jira tsakanin jirgin farko da na biyu. Ƙasa da awa biyu kasada ce: jirgin farko ya makara da minti arba'in, kai ka tsallake da gudu, jakarka mai kilo 23 ta kwana a baya. Kuma ka tabbata zangon biyu na kan tikiti guda, in ba haka ba, ka rasa na biyu, asarar taka ce. Tambayi ma ko jirgin na tsayawa wani gari ɗaukar fasinja, wannan kaɗai na iya cin awa guda ko fiye.

Sannan kada a mance kilomita 660 na titin Maraɗi zuwa Yamai. Bas kan cinye wuni a kai, kusan daidai da awannin da jirgi ke yi daga Adis Ababa har Sin. Ka isa Yamai da kwana ɗaya a hannu.