Arhar babban jirgi, wa ke biyanta?

Duk direban da ya taɓa jiran lodi a tashar Maraɗi ya san lissafin: ko da fasinja goma ka tashi, ko mota cike, man da za ka ƙona zuwa Damagaram kusan ɗaya ne. A kan wannan lissafi kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suka gina arzikinsu.

A Janairun 2024 kamfanin Royal Caribbean ya fara jigila daga birnin Miyami na Amurka da jirgin Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Finlan. Tsawonsa wajen mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Gari ne guda a kan ruwa. Kyaftin ɗaya ne, kamar na ƙaramin jirgi, kuma nama da fulawa da mai duk a kan sari ake sayensu. Alhazan Maraɗi masu sauke shinkafa tirela-tirela ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Sai dai ni ban yarda cewa girma kaɗai ke kawo arhar ba. Yawancin jiragen nan tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗagawa, wato a can aka yi musu rajista, inda haraji ke da sauƙi. Masu shara da girki kuwa akasari 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna watanni ba su ga iyalinsu ba. Tikitin ma tarko ne: a shigo da kai da rahusa, sannan a tatse ka a ciki da abin sha, caca da kuɗin intanet. Mai shago a garin da jirgin ya yada zango sai ya ga dubban baƙi sun wuce shi da cikinsu a ƙoshe. Birnin Benis na Italiya ya gaji, har gwamnatin ƙasar ta hana manyan jirage ratsa tsakiyarsa a 2021.

Ga kuma ranar da babu lodi. Da korona ta tsayar da su a 2020, jiragen sun yi watanni a ɗaure suna cin kuɗi, kamfanoni suka ci bashin biliyoyin dala, wasu tsofaffin jirage aka kai su Turkiyya aka yanka ƙarfen. Mun ga irin haka da Najeriya ta rufe iyaka a 2019: mai kura ya koma wata sana'a washegari, mai manyan motoci ya zauna yana kallon tayoyinsu suna tsagewa a rana.